Yatsuna biyu sun lanƙwashe, amma ba sa ciwo: in yarda a yi mini tiyata?

Tambaya: Ni bakanike ne, shekaruna 57. Shekara huɗu da suka wuce wani ɗan ƙulli ya fito mini a tafin hannun dama, daidai gindin yatsan zobe. Na ɗauka kanta ce irin ta masu riƙon sifana, ban kula shi ba. Yanzu yatsan zoben da ƙaramin yatsa duk sun lanƙwashe sun kwanto cikin tafi, ko da ɗaya hannun na ja su ba sa miƙewa. Ba ciwo ko kaɗan, sai dai sa hannu a aljihu ya zama aiki, in na zo wanke fuska yatsan ya tsokane mini ido, gaisawa da mutane ma kunya nake ji. Ina da ciwon suga, kuma ina shan taba. Likita ya ce sunan cutar Dupuytren, ya ce tiyata za a yi. Yayana ya ce kada in yarda, wai mahaifinmu da hannunsa haka ya rasu ba abin da ya same shi, kuma abin da ba ya ciwo ba a kai masa wuƙa. Tsorona kada a yanke mini jijiya in rasa hannun da nake ciyar da iyalina da shi. Ga shi kuma na fara jin irin ƙullin a hannun hagu. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, sannu da fama. Shawarata ita ce ka yarda a yi aikin, kuma kada ka zauna jiran ciwo, domin wannan cuta ba da ciwo take auna kanta ba. Sai dai ba cewa nake yi gobe da safe ka je ka kwanta a gadon tiyata ba. Akwai abin da za ka gyara a jikinka tukuna, akwai kuma tambayoyin da ya kamata ka yi wa likitan kafin ka sa hannu a takarda.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin hannun naka. Ƙarƙashin fatar tafin hannu akwai wani tantani mai ƙarfi da ya shimfiɗu daga wuyan hannu zuwa yatsu. Shi ne yake riƙe fatar kada ta riƙa zamewa idan ka damƙi abu. A wannan cuta tantanin ne yake kauri a wani wuri, ya fara da ƙulli, wani lokaci har fatar ta lotsa ta yi ɗan rami kusa da shi. Daga nan ƙullin ya miƙe ya zama igiya mai tauri da ta nufi yatsa, kuma igiyar tana gajarta a hankali cikin watanni da shekaru. Yadda tsirkiya ke tanƙware baka, haka take jawo yatsan zuwa tafi. Ka buɗe hannunka iya ƙarfinka ka shafa wurin da babban yatsan ɗaya hannun, za ka ji ta a tsaye ƙarƙashin fata. Ƙashinka lafiya lau yake, jijiyoyin da ke motsa yatsan ma lafiyarsu ƙalau, shi ya sa har yanzu kana iya dunƙule hannu ka ɗaure noti. Da can likitoci da yawa suna ɗora laifin a kan waɗannan jijiyoyi ne, har wani likitan fiɗa ɗan Faransa mai suna Guillaume Dupuytren ya yi aikin a birnin Faris a 1831, ya yanke tantanin kaɗai yatsa ya miƙe. Sunansa ne aka laƙaba wa cutar.

Yayanka bai yi ƙarya ba, sai dai gaskiyar tasa ba ta kai ƙarshe ba. Wannan ba sankara ba ce, ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ba ta kisa. Ba kuturta ba ce kuma, don lanƙwasar da kuturta ke kawowa tana zuwa da mutuwar fata ta yadda mutum zai ƙone bai ji ba, kai kuwa kana jin komai. Mutane da yawa ƙullin kawai suke samu, ya tsaya a nan har tsufa, kuma irin waɗannan kuskure ne a yanka su. Hannun mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya gaya mana abu guda: gado ne. Cutar tana bin jini, ta fi kama maza, ta fi bayyana bayan shekara 50, ta fi yawa a mutanen arewacin Turai amma ba ta bar sauran jinsuna ba. Ciwon suga, shan taba, yawan shan giya da daɗewa ana aiki da na'urori masu girgiza hannu duk an danganta su da ita. Abin da hannun mahaifinku bai gaya mana ba shi ne irin wahalar da ya sha da shi bai faɗa wa kowa ba. Kuma kai kullum hannunka yana cikin inji. Yatsan da ba ya miƙewa yana maƙalewa a inda sauran yatsu suka wuce, kuma ba sai na gaya wa bakanike abin da bel mai juyawa ke yi wa abin da ya maƙale masa ba.

To in ba ciwo ba, da me ake aunawa? Da tebur. Ka kifa tafin hannunka a kan tebur ka danna. Idan tafin da yatsun duka sun kwanta sun manne da katako, ba a gaggawa. Idan tsakiyar hannun ya yi tudu har ana iya zura biro ta ƙarƙashinsa, lokacin ganin likitan hannu ya yi. Daga bayaninka, kai ka daɗe da wuce nan.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yatsa yana da gaɓar gindi, inda ya haɗu da tafi, da gaɓar tsakiya, da ta kusa da farce. Biyun farko ne cutar ta fi kamawa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Gaɓar gindi tana da haƙuri. Ko ta shekara da shekaru a lanƙwashe, yawanci da an raba igiyar sai ta miƙe sak. Likitoci kan ba da shawarar aiki idan lanƙwasarta ta kai digiri 30. Gaɓar tsakiya ba ta yafiya, musamman ta ƙaramin yatsa. Idan ta daɗe a tanƙware, zarurrukan da ke ɗaure da gaɓar kansu sai su gajarta, jijiyar da ke miƙar da yatsa ta bayan hannu ta saki ta yi rauni. A lokacin ko an cire igiyar ƙaf, yatsan ba zai koma daidai ba, sai dai a rage. Shi ya sa da zarar gaɓar tsakiya ta fara tafiya, likitocin hannu ba sa son a ja lokaci. Waɗanda suka bari har ƙaramin yatsa ya manne da tafi, fatar wurin ta riƙa jiƙewa tana tsagewa, su ne wani lokaci ake kai wa ga daskarar da gaɓar ko ma cire yatsan. Ka ga abin da kake gudu a tiyata, jinkiri ya fi kusantar da kai gare shi.

Kada ka ɓata kuɗi da lokaci a kan man shafawa, tausa ko ɗaure yatsan da kara da dare. Ba sa narkar da igiyar, ba sa hana ta ci gaba. Finciko yatsa da ƙarfi kuwa rauni kawai zai jawo maka. Akwai allurar rage kumburi da ake yi wa ƙullin da ke zafi, tana iya tausasa shi, amma ba ta miƙar da yatsan da ya riga ya kwanta.

Hanyoyin da ke miƙar da yatsa kaɗan ne. Mafi sauƙi ita ce ta tsinin allura. A kashe zafin wurin, likita ya soka allura ta cikin fata ya riƙa tsattsaga igiyar a wurare biyu ko uku, sannan ya miƙar da yatsan har ta tsinke. Ba yanka, ba ɗinki, kana zaune ake yi, cikin mako ɗaya ko biyu ka koma harkokinka. Aibinta shi ne igiyar tana nan a ciki, tsinka ta kawai aka yi, kuma tana sake haɗewa. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan aka wallafa a 2012 ya bi marasa lafiya shekara biyar, ya samu lanƙwasar ta dawo wa kusan 85 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura, alhali a waɗanda aka yi wa tiyata kusan 21 cikin 100 ne. Haka kuma allurar ta fi aiki a gaɓar gindi fiye da ta tsakiya. Akwai wata allurar ta daban mai ɗauke da sinadarin da ke narkar da igiyar, ana sayar da ita da sunan Xiaflex. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2010, amma an janye ta daga kasuwannin Turai a 2020, kuma a ƙasashe da yawa ba a samunta. In likitanka bai ambace ta ba, ba ɓoye maka wani abu yake yi ba.

Sai tiyatar da aka fi yi, wadda nake jin ita likitanka yake nufi: a buɗe fata a cire igiyar da ƙullin gaba ɗaya. Yawanci ba sai an sa ka barci ba, hannun kaɗai ake kashewa da allura a hammata ko saman ƙashin wuya. A ɗaure damtse don jini ya tsaya likita ya ga abin da yake yi. Yankan ba a miƙe ake yin sa ba, a karkace ake yi, nan dama nan hagu, saboda tabon da ya miƙe sak a cikin yatsa shi ma yana iya tsukewa ya sake jawo shi. Wasu likitocin sukan bar wani ɓangaren yankan a tafi a buɗe da gangan ya cike da kansa cikin 'yan makonni, don haka in ka ga haka kada ka ce an manta ba a ɗinke ba. Galibi a ranar ake sallamar mutum. Idan fatar kanta ta manne da cutar, ko cutar ta dawo bayan an taɓa yin aiki, akan cire har da fatar wurin a dasa wata da aka ɗebo daga damtse ko wani sashen jiki. Wannan ya fi daɗewa kafin ya warke, amma ya fi hana dawowa.

Ka lura ban ce ko ɗaya daga cikinsu tana warkar da cutar ba. Duk miƙar da yatsa suke yi. Halin da ke sa tantanin kauri yana nan a jikinka, kuma wanda ya gaji cutar, ta kuma kama shi a hannu biyu, ya fi kowa fuskantar dawowarta. Saboda haka ne, da kuma alamar cewa gaɓar tsakiyar ƙaramin yatsan nan ta riga ta lanƙwashe, na fi karkata ga tiyata a gare ka. Da ɗan shekara 80 ne ya rubuto mini yana son ya riƙa riƙe kofi kawai, allura zan ce masa. Kai kuwa kana da sauran shekarun aiki a gaba. Amma idan a yanzu ba yadda za a yi ka rufe wurin aiki wata biyu, ka gaya wa likitan haka ƙarara. Tsinka igiyar da tsinin allura don sayen lokaci ya fi zama hannu rabbana, kuma ba ta hana yin tiyata daga baya.

Yanzu batun jijiya, wanda shi ne ya hana ka barci. Tsoronka yana da tushe. Kowane yatsa yana da siraran jijiyoyin ji guda biyu da ke bin gefensa tare da hanyoyin jini, kuma igiyar takan nannaɗe su ta jawo su tsakiya, inda ba a zaton samunsu. Rabin aikin likitan a ranar shi ne ya nemo su ya bi su a hankali ya raba su da igiyar. Ana iya yanke ɗaya bisa kuskure, ba kasafai ba, kuma haɗarin ya fi yawa a yatsan da ya lanƙwashe sosai ko wanda aka taɓa yi wa aiki. Amma ka san abin da hakan ke nufi. Waɗannan jijiyoyi na ji ne, ba su ke motsa yatsa ba. Naman da ke lanƙwasa yatsu da miƙar da su yana can a sangalin hannu da cikin tafi. Idan aka yanke jijiyar, gefe ɗaya na yatsan ne zai daina ji, kuma yawanci nan take ake ɗinke ta. Ba shanyewar hannu ba ce. Ko ba a yanke komai ba, mutane da yawa sukan ji yatsan kamar ba nasu ba na 'yan makonni saboda jan da aka yi wa jijiyar, sannan ji ya dawo.

Da ni ne kai, abin da zan fi jin tsoro shi ne sandarewa. Mutum ya shiga tiyata yatsa ba ya miƙewa, ya fito ya miƙe amma ba ya lanƙwasuwa, saboda kumburi da tabo da tsoron motsa shi. Ga mai riƙon sifana wannan ya fi na farkon muni. Kuma wannan yawanci ba a ɗakin tiyata ake jawo shi ba, a gida ake jawo shi. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan da hannun kan kumbura ya riƙa zugi kamar wuta, ko iska ta taɓa shi sai an ji, fiye da yadda raunin ya cancanta. In ka ga haka ka koma asibiti da wuri, don kama shi da wuri shi ne maganinsa.

Abubuwa biyun da na ce ka gyara su ne suga da taba. Sugan da ya hau yana jinkirta warkewar rauni, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Ka nemi a yi maka gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan jininka na wata uku, ba na tsinin yatsa na safiya ɗaya ba, kuma in ya yi sama ku daidaita shi da likitan sugarka kafin a sa rana. Taba kuwa tana tsuke ƙananan hanyoyin jini, ga shi fatar da za a ɗaga a yatsanka siririya ce, da ɗan jinin da ke isa gare ta take rayuwa. In ta rasa shi gefen yankan ya yi baƙi ya mutu. Ka ajiye ta aƙalla mako huɗu kafin aikin, kada kuma ka koma mata har raunin ya rufe. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, amma ban san wani abu da ke hannunka da ya kai wannan tasiri ba. In kana shan maganin tsinka jini, ka ambata tun a ganin farko.

Bayan aikin za ka fito da hannu a naɗe da bandeji mai kauri. Kwanakin farko ka riƙe shi sama da ƙirjinka, in za ka kwanta ka ɗora shi a kan matashi, kada ka bar shi yana reto. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Motsa yatsu kuwa ba ya jiran cire zare, cikin kwanaki kaɗan mai koyar da motsa hannu zai fara da kai: miƙe, lanƙwasa gaɓa ɗaya bayan ɗaya, dunƙule, saki, sau da yawa a yini. Zai ja, zai yi zafi, za ka ga kamar ɗinkin zai ɓalle. Ka yi duk da haka, gwargwadon yadda aka nuna maka. Wataƙila a ba ka abin tallafe yatsa ka riƙa sawa da dare har wata uku, wasu likitocin kuma sai sun ga yatsan ya fara komawa suke bayarwa. Tabon zai yi tauri ya yi ja na wasu watanni, a nan ne tausa da mai take da amfani. Ƙananan ayyuka za ka iya cikin makonni kaɗan, amma ɗaure noti da ɗaga ƙarfe ka ƙiyasta mako shida zuwa goma sha biyu. Ka shirya wannan tun yanzu: wa zai riƙe maka wurin aiki, me iyali za su dogara da shi. Wanda bai shirya ba shi ne yake komawa cikin baƙin mai da ɗanyen rauni a mako na biyu. Zazzaɓi, ruwa mai wari, ja da ke bazuwa, ko yatsa ya yi fari fat ko shuɗi ya yi sanyi, duk ba a kwana da su a gida.

Idan ka koma wurin likitan, ka tafi da yayanka. Gara ya ji da kunnensa ya yi tambayoyinsa, da ya zauna a gida yana ƙara maka fargaba, kuma za ka buƙaci taimakonsa bayan aikin. Ka tambayi likitan ko aikin hannu ne fanninsa kuma ko yana yawan yin irin wannan. Ba raini ba ne, likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka ce ya auna kowace gaɓa ya gaya maka digirinta, sannan ya faɗa maka gaskiya iya inda yake sa ran ƙaramin yatsan zai miƙe. In ya ce ba zai koma sak ba, ba gazawa ba ce. Yatsan da ya rage ɗan lanƙwasa amma yana shiga aljihu da safar hannu, aiki ya yi kyau. Ka kuma tambayi wanda zai koya maka motsa hannun, tun kafin a yanka, ba bayan an cire zare ba.

Hannun hagu kuwa ka ƙyale shi. Ƙullin da bai ja yatsa ba ba a yanka shi, kuma ba lallai ne ya bi sawun na dama ba. Ka riƙa kifa shi a tebur duk bayan wata biyu ko uku, ka ɗauki hotonsa ta gefe da waya don ka ga ko yana canzawa, tunda ido ba ya lura da abin da ke tafiya a hankali. Ko da ya kai ga aiki, ba a haɗa hannu biyu a lokaci ɗaya. Ka kuma shafa tafin ƙafarka ka ji ko akwai irin ƙullin, ka duba bayan gaɓoɓin yatsunka ko fatar ta yi tudu. Wasu mazan kuma sukan sami irin wannan tauri a al'aura har ta karkace. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, ka daure ka gaya wa likitan ko da kunya, domin alama ce cewa cutar taka mai naci ce, kuma hakan na iya sa ya zaɓi dashen fata tun a aikin farko.